Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Sharhi a kan Manhajar Photosynth da Magadanta

1.0 Gabatarwa

A cikin watan Maris na shekarar 2007, a wani taron lacca da ake kira TED a ƙasar Amurka, wani ma'aikacin kamfanin Microsoft mai suna Blaise Agüera y Arcas ya nuna wa mahalarta babbar majami'ar nan ta Notre-Dame da ke birnin Paris a kan allon kwamfuta. Ginin ya bayyana a tsaye, da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa, ta yadda mai kallo zai iya matsawa kusa da ƙofa, ya ja da baya, ya karkata dama ko hagu, kamar dai wanda yake tsaye a filin da ke gaban ginin. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, ba a aika kowa Paris don wannan aiki ba. An tsinto hotunan ne daga Flickr, watau wani rumbu na intanet inda jama'a ke zuba hotunansu, kuma waɗanda suka ɗauke su 'yan yawon buɗe ido ne da ba su san juna ba. Manhajar da ta harhaɗa su ita ce Photosynth.

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu yi wa wannan manhaja da waɗanda suka gaje ta irin sharhin da akan yi wa littafi, watau mu duba abin da ta yi alkawari, da abin da ta cika. Mu malamai abin ya shafe mu ƙwarai, domin ɗalibanmu na tarihi da labarin ƙasa suna ƙara dogara da irin waɗannan surori don sanin wuraren da ba za su taɓa zuwa ba, kuma su ne za su je su koyar da yara gobe. Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa surar da ake samu ta wannan hanya ta fi ba da labarin inda idanun jama'a suka taru bisa ga labarin wurin kansa, kuma amincinta a matsayin shaida ya rataya ne a kan ko ta bar giɓinta a fili ko ta rufe shi.

2.0 Yadda aikin yake

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu fahimci dabarar. Idan mutum ya miƙe yatsarsa a gaban fuskarsa, ya rufe idon dama ya duba, sa'an nan ya rufe na hagu ya sake dubawa, zai ga kamar yatsar ta yi tsalle daga wuri zuwa wuri, alhali bangon da ke can nesa bai gusa ba sai kaɗan. Abu na kusa ya fi na nesa gusawa. Wanda ya san yawan gusawar zai iya lissafa nisan. Wannan shi ne tushen ilmin awo da hoto, kuma tsohon ilmi ne. A shekarar 1858 wani Bajamushe mai suna Albrecht Meydenbauer ya kusa faɗowa daga sama yayin da yake auna majami'ar garin Wetzlar da hannu, daga nan ya shiga tunanin yadda za a auna gini daga hoto ba tare da an hau shi ba. Za mu sake komawa kansa a can gaba.

Bambancin da ke tsakanin aikin Meydenbauer da na zamaninmu shi ne, shi ya san kyamararsa, ya kuma san daidai inda ya kafa ta. Sabuwar dabarar kuwa tana karɓar hotunan da ba a san inda aka tsaya aka ɗauke su ba. Da farko kwamfuta takan bi kowane hoto ta tsinci alamomi, alal misali kusurwar taga, ko tsagar dutse, ko wani lanƙwasa na sassaƙa. Hanyar da aka fi amfani da ita wajen wannan tsinta ita ce SIFT, wadda David Lowe ya fito da ita a 1999, ya kuma kammala bayaninta a 2004. Amfaninta shi ne tana gane alama guda ko da an ɗauko ta daga nesa a wani hoto, daga kusa a wani. Daga nan sai a gwama hotunan biyu-biyu a ga waɗanda suka yi tarayya a alamomi. Sa'an nan a shiga lissafi mai nauyi, inda ake ƙiyasta mazaunin kowace kyamara da mazaunin kowace alama a lokaci guda, ana gyara wannan da wancan har kuskuren ya ragu. Abin da ke fitowa a ƙarshe wata irin ƙura ce ta ɗigo-ɗigo mai siffar ginin, da hotunan a rataye kewaye da ita, kowanne a inda mai shi ya tsaya.

Mutum uku ne suka fara nuna wannan aiki a 2006 da sunan Photo Tourism: Noah Snavely da Steven Seitz na Jami'ar Washington da ke Seattle, da Richard Szeliski na sashen bincike na Microsoft. Kamfanin ya mai da shi Photosynth, ya buɗe wa kowa da kowa a watan Agusta na 2008.

Duk wanda ya lura da wannan bayani zai ga sharuɗɗan da ke ɓoye a cikinsa. Ɗigo ba ya samuwa sai hotuna fiye da ɗaya sun ga alamar. Alama ba ta samuwa a farin bango sumul, ko gilashi, ko ruwa, ko sararin sama. Kuma dole abin ya tsaya cik tsakanin hoto da hoto. Sauran abin da za mu faɗa duka daga waɗannan sharuɗɗa ya taso.

3.0 Abin da ido ya taru a kai

Bari mu fara da alƙaluman masu aikin su da kansu. A gwajin Notre-Dame sun tattaro hotuna 2,635, amma 597 kaɗai manhajar ta iya haɗawa, watau ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu, kuma lissafin ya ɗauki kimanin mako biyu. Waɗanda suka shiga su ne na fuskar ginin ta gaba, inda kowa ke tsayawa. Wanda ya ɗauki wani lungu da ba wanda ya kula da shi, hotonsa bai sami abokin gwami ba, sai aka bar shi a waje. Abin lura a nan shi ne, hoton da ya fi kowanne kawo sabon labari, watau wanda ya ga abin da sauran ba su gani ba, shi ne ya fi kusa da a jefar. Tsarin yana saka wa maimaici, yana kuma hukunta kaɗaici.

A 2009 masu binciken nan na Seattle da abokan aikinsu suka faɗaɗa gwajin, suka ba shi suna mai cike da alfahari, Building Rome in a Day, watau gina birnin Rum a rana ɗaya. Sun ɗebo hotuna 150,000 na birnin daga Flickr, suka sa ƙwaƙwalen kwamfuta kimanin 500 suka yi lissafin cikin ƙasa da kwana guda. Ta fuskar fasaha wannan gagarumin aiki ne, ba mu musanta ba. To amma me aka gina? An sami tsohon dandalin Kolosiyam, da majami'ar Saint Peter, da maɓuɓɓugar Trevi, da ginin Pantheon, kowanne a ware kamar tsibiri. Titunan da suka haɗa su babu, balle unguwannin da mutanen Rum ke kwana da kasuwannin da suke cefane. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. Wanda ya zagaya waɗannan tsibirai a kan allo ya ga abin da baƙi ke kallo, kuma ya gan shi daga tsayin kafaɗar mutum, daga filin da aka yarda baƙo ya tsaya, a lokacin da rana take da kyau.

Wani zai ce wannan ƙorafi ne na malaman makaranta kawai. Gobarar da ta tashi a Notre-Dame ranar 15 ga Afrilu, 2019, ta nuna ba haka ba ne. Abin da wuta ta ci shi ne rufin, da tsohon katakon da ke ɗauke da shi, da siririyar hasumiyar tsakiya. Da wuya a sami ginin da aka fi ɗauka a hoto a duniya, amma cikin rufin wuri ne da baƙo ba ya shiga. Da aka zo gyara, daga cikin abubuwan da aka amfana da su akwai awon da Andrew Tallon ya yi wa ginin da hasken leza kafin rasuwarsa a 2018, da kuma awon katakon rufin da wasu masu zanen gini biyu, Rémi Fromont da Cédric Trentesaux, suka hau suka yi a 2014. Waɗannan mutane ne da suka je da niyya, suka nemi wurin da ba a kallo. An sake buɗe majami'ar a watan Disamba na 2024.

Akwai wani ɗan abu da ya faru a laccar nan ta 2007 wanda mahalarta suka ɗauka abin burgewa, mu kuwa muna ganin ya cancanci a tsaya a kansa. Ɗaya daga cikin hotunan da suka shiga surar Notre-Dame ba a gaban ginin aka ɗauke shi ba. Hoton wata fasta ce mai ɗauke da hoton majami'ar, kuma manhajar ta karɓe shi ta ajiye shi daidai a mazauninsa. Ma'ana, ba ta da hanyar rarrabe gini da hoton gini. Ita dai alamomi take gwamawa. Haka kuma ba ta san girman abin da ta gina ba sai an ba ta ma'auni daga waje, domin ɗan ƙaramin kwaikwayon gini da aka ɗauka daga kusa da ginin gaske da aka ɗauka daga nesa lissafinsu ɗaya ne.

Sai batun mutane da lokaci. Tun da yake sai abin da ya tsaya cik ke zama ɗigo, to mai talla da ɗan sanda da tantabarun fili duk sukan ɓace daga ƙurar, a bar duwatsu. Hotunan rani da na hunturu, na bana da na shekara biyar da suka wuce, duka sukan narke su zama gini guda wanda ba shi da ranar da za a ce ga yadda yake. Gidan talabijin na CNN ya gane wannan matsala lokacin rantsar da Barack Obama ranar 20 ga Janairu, 2009, don haka ya roƙi waɗanda suka halarta su aiko da hotunan da suka ɗauka a daidai lokacin rantsuwar. Da haka ne kaɗai taron jama'a ya iya shiga Photosynth, watau sai da aka mai da mutane kamar gumaka na ɗan lokaci.

4.0 Inda ta cancanci yabo

Duk da wannan suka, muna ganin Photosynth tana da wata ɗabi'a ta gari da ba a yaba mata yadda ya kamata ba, kuma mutane da yawa a lokacin aibi suka ɗauke ta. Ba ta ɓoye ɗinkinta. Mai kallo yana ganin gefen kowane hoto, yana ganin inda wannan ya ƙare wancan ya fara, yana ganin hasken safe ya sauya zuwa na yamma yayin da ya matsa taki ɗaya. Inda ba wanda ya ɗauki hoto, duhu ne kawai. Har ma takan ba da maki, ta faɗi kashi nawa cikin ɗari na hotunan da aka ba ta suka haɗu. Ta yi kama da marubucin tarihin da ke faɗin wanda ya ba shi kowane labari, ya kuma yi shiru inda bai sami mai ba shi ba. Ɗalibin da ya zauna gabanta, ko bai so ba, zai fahimci cewa abin da yake gani taron shaidu ne, kowanne da inda ya tsaya.

Magadanta sun bi wata hanya. A 2020 Ben Mildenhall da abokan aikinsa suka fito da NeRF, inda ake horar da kwamfuta a kan hotunan har ta iya zana wurin daga kusurwar da babu kyamarar da ta taɓa tsayawa. Ba da jimawa ba masu bincike na Google suka gwada irin wannan a kan hotunan 'yan yawon buɗe ido na Ƙofar Brandenburg da maɓuɓɓugar Trevi, suka koya wa kwamfutar ta share masu wucewa, ta kuma daidaita hasken. A 2023 aka sami wata dabarar daga Faransa da Jamus, Gaussian Splatting, wadda ta sa ana iya yawo cikin irin wannan sura ba tare da jira ba. Sakamakon yana da kyau ƙwarai, har yakan ruɗi ido. Amma hoton mutum ɗaya-ɗaya ya narke a ciki, ba a iya nuna wani sashe a ce ga wanda ya gan shi. Da farko wuraren da hotuna suka yi ƙaranci sukan fito da hazo-hazo, wanda shi ma gargaɗi ne ga mai lura. Yanzu kuwa ana haɗa waɗannan dabaru da manhajojin da ke ƙirƙirar hoto, don su cike giɓin da abin da ya yi kama da gaskiya. Ga mai shirya wasan kwamfuta ko tallan gida wannan ci gaba ne. Ga mai nazarin tarihi kuwa, bangon da aka gani da bangon da aka ƙaga sun zama launi ɗaya, kuma ba a ba shi hanyar tantancewa ba.

5.0 Bayan rushewa

Nauyin wannan magana yakan fito ne idan asalin abin ya tafi. A watan Maris na 2001 'yan Taliban suka farfasa manyan mutum-mutumin Buddha biyu da aka sassaƙa a jikin dutse a Bamiyan ta Afganistan, babbansu ya fi mita 50. Armin Grün da abokan aikinsa a Zurich suka yi ƙoƙarin dawo da surar babban a kwamfuta. Sun gwada hotunan da suka tsinta a intanet, sun gwada na wani matafiyi, amma surar da ta fi inganci, wadda ta fito da naɗe-naɗen tufafin, ta samu ne daga hotuna uku kacal da Robert Kostka ya ɗauka a 1970 da kyamarar awo. Hoto uku na wanda ya je don awo sun fi tarin na masu wucewa.

A 2015, bayan an nuna yadda 'yan ISIS suka ragargaza kayan gidan tarihi na Mosul a Iraƙi, wasu ɗalibai biyu masu bincike, Matthew Vincent da Chance Coughenour, suka kafa Project Mosul, wanda daga baya aka sa wa suna Rekrei. Sun roƙi duk mai tsohon hoto ya aiko, kuma an sami surar wasu kayan, ciki har da wani zaki na dutse. Muna girmama wannan aiki, domin babu wani zaɓi da ya rage. Sai dai ƙa'idar nan ba ta canja ba. Abin da ke tsakiyar ɗaki, wanda baƙi suka zagaya, shi ya dawo. Abin da ke jingine da bango ya dawo da fuska babu baya, na cikin ma'aji kuwa bai dawo ba sam.

Wannan ya kawo mu ga gine-ginen ƙasa na yankinmu, ko da a taƙaice. Ginin ƙasa yana da kaushin da kwamfuta ke so, in dai a rana ɗaya aka ɗauki hotunan. Matsalar ita ce fatarsa ba ta dawwama. Babban masallacin Djenne a Mali duk shekara ake taruwa a yi masa sabon yaɓe, hasumiyar Agadas ma ana sabunta nata, haka kuma duk gidan da damina ta zaizaye aka sake shafe shi da makuba. Alamomin da manhaja ta riƙe bara an shafe su bana. Ga shi kuma yawan baƙi masu kyamara da ke zuwa Paris ba sa zuwa nan, kuma gwanintar maginanmu ta fi yawa a ciki, a bakan gizo da ɗaurin guga, inda haske ya yi ƙaranci kuma ba kowa ake bari ya shiga ba. Abin da muka sani dalla-dalla game da tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19, ya dogara ƙwarai a kan awon da Z. R. Dmochowski da mataimakansa suka yi, wanda da shi aka gina kwaikwayonsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Wanda ya zauna jiran hotunan jama'a su taru su tsare mana irin waɗannan gine-gine zai daɗe yana jira. In za a yi amfani da dabarar a nan, sai dai a je da niyya, a zagaya ciki da waje a yini guda, a aza ma'auni a ƙasa, a rubuta rana, a kuma ajiye asalin hotunan dabam da surar da aka fitar daga cikinsu.

6.0 Ma'aji

Batun ajiya shi ne na ƙarshe da za mu taɓa, domin a nan Photosynth ta yi faɗuwar da ba ta shafi lissafi ba. Mutane sun shafe shekaru suna zuba mata aikinsu, gidajen tarihi da malaman makaranta da masu tonon kayan da, bisa zaton cewa sun sami wurin adana. Surorin suna zaune ne a kwamfutocin kamfanin, kuma da yawansu ba a iya kallonsu sai da wata manhaja tasa mai suna Silverlight. Ranar 6 ga Fabrairu, 2017, Microsoft ya rufe Photosynth, bayan ya ba masu ajiya wa'adin su sauke kayansu. Wanda bai ji sanarwar ba, ko ya rasu, ko ya manta kalmar sirrinsa, aikinsa ya tafi. Silverlight ɗin ma an daina kula da ita a 2021. Daga buɗewa zuwa rufewa ba a cika shekara tara ba.

Meydenbauer da muka ambata a baya ya sami gwamnatin Prussia ta kafa masa cibiyar awo da hoto a Berlin a 1885. Daga lokacin zuwa wajen 1920 cibiyar ta ɗauki gine-gine kimanin 2,600 a kan faifan gilashi kimanin 20,000. Faya-fayen sun tsallake yaƙin duniya biyu, an kwashe su zuwa Mosko, aka dawo da su, kuma suna nan a hannun hukumar kula da gine-ginen tarihi ta jihar Brandenburg. Fadar sarakunan Berlin, wadda aka rushe a 1950, tana daga cikin gine-ginen da cibiyar ta ɗauka, kuma da aka tashi sake gina fuskokinta a wannan ƙarni, an koma ga waɗannan faya-faye aka ɗauki awon tagogi da ginshiƙai daga jikinsu.